Sukari a Bakin Igwa: Wa Ke Ɗaukar Asara Idan Yaƙi Ya Tare Teku?

Da asubahin 9 ga Agusta 1780, can cikin tekun Atlantika yamma da gaɓar Fotugal, wani ayarin jiragen 'yan kasuwar Ingila ya wayi gari a tsakiyar abokan gaba. Jirage ne wajen 60 da suka taso daga Portsmouth. Biyar za su Indiya, mafi yawan sauran kuma sun nufi tsibiran Karibiyan da abinci da makamai da sojoji da kayan aikin gonakin rake. An ruwaito cewa cikin duhun dare matuƙan sun hango fitila a saman wani ƙaton jirgi, suka ɗauka ta madugunsu ce, suka yi ta bin ta. Ashe fitilar jirgin Luis de Córdova ce, kwamandan Sifaniya, yana tafe da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasarsa da Faransa. A ranar nan aka kama jirage sama da 50 da mutane kusan 3,000. Kyaftin John Moutray, wanda aka damƙa wa rakiyar ayarin da jirginsa Ramillies da wasu ƙanana biyu, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya cika wandonsa da iska. An ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 1.5, kuɗin wancan zamani.

Labarin yana isa Landan aka ji masu inshora suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kukansu ne littattafan tarihi suka fi naɗa. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda ke jiran garin alkama da naman gishirin da ke cikin jiragen nan a ɗaya gefen tekun. Asarar da yaƙi ke jawowa a teku ba ta ɓacewa, sa mata farashi ake yi a miƙa wa na ƙasa, shi ma ya miƙa wa na ƙasa da shi, har ta isa hannun wanda ba shi da wanda zai miƙa wa.

Sai mun fara da sanin irin kayan da ake magana a kai. A ƙarni na 18 babu abin da Ingila ke shigowa da shi daga ƙetare da ya kai sukari tsoka, haka ita ma Faransa tana ji da tsibiranta kamar tsoka ɗaya a miya. Jamaika da Barbados da Antigua na Ingila ne, Martinik da Guadeloupe da Saint-Domingue, wadda yau ake kira Haiti, na Faransa. Tsibiran nan an mayar da su injin abu ɗaya: bayi 'yan Afirka suna noma rake, ana matse shi, ana dafa ruwan har ya daskare. Abin da ake lodawa a jirgi ba farin sukarin shayi ba ne, ɗanye ne ja mai damshi, ɗan'uwan mazarƙwaila, ana ɗura shi a manyan gangunan katako da guda kan haura rabin tan. Tacewa sai an kai shi Landan ko Bristol ko Bordeaux ko Nantes. Su kuma tsibiran, tun daga kifin gishirin da bayi ke ci har katakon da ake haɗa gangar da shi, daga waje ake kawowa. Kowane abu jirgi ke shigo da shi, jirgi ke fita da shi. Ka tare teku, ka shaƙe wuyan tsibiri.

Ga kuma lokaci, wanda ba ya jiran kowa. Ana yankan rake daga wajen Janairu zuwa Yuni, kuma rake idan an sare shi ba ya kwana biyu bai fara tsami ba. Daga Agusta guguwar teku take kunno kai, shi ya sa masu inshora a Landan suka kafa ƙa'idar cewa jirgin da bai bar tsibiran ba kafin 1 ga Agusta, kuɗin inshorarsa ninki biyu ne. Kowa ya san watannin da jiragen sukari ke tashi, kowa ya san hanyoyin da iska ke tilasta musu bi, musamman na Jamaika da dole su ratsa ta kusa da Kyuba. Wanda ke son tare su ba ya bukatar ɗan leƙen asiri, kalanda ta ishe shi. Kuma tsakanin 1689 da 1815 Ingila da Faransa sun gwabza manyan yaƙe-yaƙe har bakwai, wato ɗan kasuwar da ya yi tsawon rai a wannan sana'a sai ya ga uku ko huɗu da idonsa.

Mai tare hanyar ma yawanci ba sojan ruwa ba ne. Ɗan kasuwa ne irin wanda yake tarewa. Da an shelanta yaƙi, gwamnati kan ba masu jirage takardar izinin kama jiragen abokan gaba. Sai a haɗa jari kamar yadda ake haɗawa a kowace harka, a ɗora igwa a ƙaramin jirgi mai gudu, a cika shi da majiya ƙarfi, a fita farauta. Jirgin da aka kama a kai shi gaban kotun ganima, alƙali ya halasta, a yi gwanjon kayan, a raba. Fashi ne mai lasisi, kuma a Saint-Malo da Dunkirk da Martinik da Liverpool da Boston ba a ɗauke shi abin kunya ba. Wani lokaci ma ba a wahalar da kai da jan jirgin: kyaftin ɗin da aka kama ya sa hannu a takardar fansa, ya ba da mutum ɗaya daga ma'aikatansa garkuwa, a sake shi ya ci gaba da tafiya. Idan masu jirgin suka yi kunnen ƙashi wajen biya, wannan bawan Allah ya yi ta zama a kurkukun wata ƙasa. Sai a 1782 Ingila ta haramta wa jiragenta wannan ciniki. Don a ga girman abin, a Fabrairun 1778 an shaida wa Majalisar Dattawan Ingila cewa 'yan tawayen Amurka sun kama jirage 733 tun fara yaƙin neman 'yancinsu, kuma ko bayan an cire waɗanda aka ƙwato da waɗanda aka saki, 559 sun tafi ke nan.

Maganin da aka samo shi ne wanda duk wanda ya san labarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ya sani: kada a tafi ɗai-ɗai, a haɗa ayari, a naɗa madugu, a nemi 'yan rakiya masu makami. Attajiran Landan masu hulɗa da tsibiran sukan zauna da hukumar jiragen yaƙi a tsayar da ranakun tashi, jirage ɗari ko fiye su taru a wuri guda, jiragen yaƙi biyu ko uku su sa su gaba. Ayari yana aiki, wannan ba musu. Ƙaramin ɗan farauta ba ya tunkarar jirgi mai igwa 74. Idan kuma 'yan rakiyar suka tsaya tsayin daka, sukan ceci kowa: a Oktoban 1747 manyan jiragen yaƙin Faransa takwas suka tare wa rundunar kwamandan Ingila Edward Hawke hanya, shida daga ciki suka faɗa hannunsa, amma jiragen 'yan kasuwa kusan 250 da suke rakiya suka samu suka sulale.

Sai dai ayari yana da nasa ciwon, kuma a nan ne mafi yawan asarar take, ba a bakin igwa ba. Ayari da saurin jirgin da ya fi kowa nawa yake tafiya. Jirgin da ya gama lodi a Afrilu yana iya zaman jira har Yuni ko Yuli, yana tsaye a ruwa mai ɗumi, tsutsar teku tana cin katakonsa, zazzaɓin shawara yana ɗauke ma'aikatansa, waɗanda suka rage suna gudu zuwa inda aka fi biya. A can ƙasan jirgi kuma ganguna suna ta tsiyayar da maɗi, nauyin da aka auna a tsibiri ba shi za a tarar a Landan ba. Idan aka tashi, da dare ko cikin hazo jirage sukan warwatse, na baya ya zama rabon mai bin sawu. Da an doshi gida kuma sai son kai ya motsa, kyaftin mai jirgi mai gudu ya kashe fitilarsa ya sulale don ya riga kowa isa kasuwa. Dalilinsa a fili yake: ranar da jirage ɗari suka sauke sukari lokaci guda, farashi ƙasa yake yi. Kogin Thames kan cushe, kaya su yi makonni a kan kwale-kwalen dako, ɓarayi suna yagar rabonsu. Wannan satar ce ta sa attajiran sukari suka zuba kuɗi aka kafa 'yan sandan kogi a 1798, aka kuma gina musu tashar jirage mai katanga da aka buɗe a 1802. Wasu masu jirage sukan ce su dai a bar su, su ɗora igwa su tafi su kaɗai, in sun tsira su ci kasuwa. A 1798 majalisa ta yi doka ta mayar da shiga ayari dole, sai wanda aka ba izini na musamman.

Jinkiri kuwa wani lokaci rai yake ci. A ƙarshen Yulin 1782 wani babban ayari ya bar Jamaika, tare da jiragen yaƙin Faransa da kwamandan Ingila George Rodney ya kama a watan Afrilu, a karon da ya hana Faransa da Sifaniya mamaye tsibirin. A tsakiyar Satumba guguwa ta riske su a kusa da Newfoundland. Ville de Paris, jirgin da Ingila ke ɗokin nuna wa duniya a matsayin ganima, ya nutse da kusan duk wanda ke ciki. Ramillies ɗin nan da Moutray ya tsere da shi shekara biyu baya, shi ma a nan ya ƙare. Mutanen da suka halaka sun kai wajen 3,500, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Duk wannan haɗari akwai inda ake mayar da shi lissafi. A Landan wurin shi ne Lloyd's, wanda ya fara a matsayin shagon shan gahawa na wani Edward Lloyd tun wajen 1688, ya koma ginin Royal Exchange a 1774. Dillali zai zagaya da takarda mai sunan jirgi da kyaftin da hanyar da za a bi, masu kuɗi kowa ya sa hannu a ƙasa a kan abin da zai iya ɗauka, wannan fam 100, wancan fam 200, har a cike. Lokacin zaman lafiya kuɗin inshorar kaya daga tsibiran bai fi kashi 2 ko 3 cikin 100 ba. A munanan shekarun yaƙin Amurka ya haura kashi 20. Akan kuma rubuta cewa za a mayar wa mai kaya wani kaso idan jirgin ya tashi cikin ayari kuma ya iso lafiya. Ka ga ke nan tun kafin doka ta tilasta ayari, aljihu ya riga ya tilasta shi.

Faransa ce ta fi shan wuya, don jiragen yaƙinta ba su kai na Ingila ba. A 1755, tun ba a shelanta yaƙi ba, Ingila ta kama jiragen 'yan kasuwarta kusan 300 da matuƙa wajen 6,000. Da Faransawa suka ga tutarsu ta zama abin farauta, sai suka buɗe wa 'yan ba-ruwanmu ƙofa, musamman mutanen Holan, su yi musu dako. Ingila ta mayar da martani da ƙa'idar da ake kira ta 1756: cinikin da aka hana ka lokacin zaman lafiya, ba ka da ikon yin sa lokacin yaƙi. Abin dariyar shi ne, cikin masu ciyar da tsibiran Faransa har da talakawan Sarkin Ingila na Amurka ta Arewa. Sukan karɓi takardar izinin zuwa musayar fursunonin yaƙi, su ɗauki fursuna ɗaya ko biyu don cika sharaɗi, su cika jirgi da gari da kifi, su dawo da sukari mai arha. Gwamnan Pennsylvania na lokacin, William Denny, ya yi ƙaurin suna wajen sayar da irin waɗannan takardu. Wasu kuma sukan tsaya a Monte Cristi, wata 'yar tashar Sifaniya da ke bakin iyakar Saint-Domingue, a yi musayar a can.

A yaƙin Amurka cibiyar wannan ciniki ita ce Sint Eustatius, ɗan tsibirin Holan da bai wuce murabba'in kilomita 21 ba, amma rumbunansa sun yi jere a bakin ruwa kamar kantin kwari. Rodney ya afka masa ranar 3 ga Fabrairu 1781, ya tarar da jirage sama da 100, ya ƙwace kayan da aka ƙiyasta a kan fam miliyan 3, har da na 'yan ƙasarsa. Ya zauna watanni yana gwanjo, ya loda mafi tsadar ganimar a ayari ya aika gida. A watan Mayu kwamandan Faransa La Motte-Picquet ya tare ayarin a kusa da gaɓar Ingila ya kwashe mafi yawansa. Rodney kuma ya ƙare da shari'o'in 'yan kasuwar Ingila da ya wawushe.

To, a cikin wannan duka wa ke biya? Ba attajirin Landan ba, in dai ba tsautsayi ba. Shi wakili ne: mai gona ya aiko masa da sukari, ya sayar, ya cire kuɗin dako da na inshora da harajin gwamnati da ruwan bashin da yake bin mai gonar, ya ɗauki la'adarsa, yawanci kashi biyu da rabi cikin 100 na kuɗin da aka sayar. Yaƙi ya sa sukari ya yi tsada, la'adarsa ta ƙaru. Manyan masu gonaki ma, irin su William Beckford mai dubban kadada a Jamaika wanda ya yi magajin garin Landan sau biyu, suna da bakin magana a majalisa, kuma yaƙin da ya rufe wa sukarin Faransa hanya alheri ne a gare su. Abin da suke tsoro ma shi ne nasara ta yi yawa. Da Ingila ta ci Guadeloupe a 1759, sukarin tsibirin ya kwararo kasuwar Landan, jiragen Ingila suka kai masa dubban bayi, masu gonakin Faransawa suka samu kasuwar da ba su taɓa samu ba. A sulhun Paris na 1763 aka mayar wa Faransa Guadeloupe da Martinik, Ingila ta riƙe Kanada. Dalilan wannan zaɓi suna da yawa, amma babu mai gona a Jamaika da ya zubar da hawaye. Wannan ne ma ya sa masu gonaki a kowane ɓangare ba su cika son a yi ta faɗa a kan tsibirinsu ba. In dai sharaɗin miƙa wuya ya bar musu gona da bayi, tuta kowace iri ce a kafa.

Ƙaramin mai gona shi ne na farko da ruwa ke ci, gonarsa ta koma hannun mai bin sa bashi. Sai matuƙi, wanda albashinsa kan tashi lokacin yaƙi, amma yana shigowa ruwan Ingila bayan watanni a teku 'yan kamen sojan ruwa su hau jirgin su tafi da shi kafin ya taka ƙasa. Sai soja: a yaƙin da aka fara 1793, Ingila ta rasa sama da sojoji 40,000 a tsibiran nan cikin shekara takwas, mafi yawansu zazzaɓi ne ya kashe su.

A ƙarshen layi akwai bawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga 1775 yaƙi ya yanke hanyar abincin da ke zuwa daga Amurka ta Arewa, kuma mai gona idan lissafi ya ƙi, ba a teburinsa yake fara ragi ba, a mudun bawa yake farawa. Ana cikin haka guguwar Oktoban 1780 ta zo, wata biyu kacal bayan ayarin Moutray ya salwanta, ta kashe mutane sama da 20,000 a tsibiran gabas, wata kuma ta daki yammacin Jamaika a farkon watan. Da aka yi sulhu a 1783 ma gwamnatin Ingila ta hana jiragen Amurka shiga tsibiranta. Majalisar Jamaika da kanta, wadda masu bayi ne suka cika ta, ta ƙiyasta cewa bayi 15,000 ne yunwa da cututtukan da take jawowa suka kashe tsakanin 1780 da 1787. Ba wanda ya biya inshorar wannan.

Inda inshora ta shafi bawa kuwa, a matsayin kaya ta shafe shi. Wani jirgin dakon bayi mai suna Zong asalinsa na Holan ne, ganimar yaƙi ce da aka kama a gaɓar ƙasar da yau ake kira Ghana a Fabrairun 1781, wasu attajiran Liverpool suka saye shi. Aka cusa masa mutane 442, fiye da ninkin abin da ya kamata ya ɗauka, da ma'aikata ƙalilan da aka tsinto a bakin gaɓa. Suka yi kuskuren hanya suka wuce Jamaika, suka ce ruwan sha ya yi ƙasa. Daga 29 ga Nuwamba suka fara jefa mutane cikin teku da ransu, sama da 130. Dokar inshora ta ce bawan da ya mutu da ciwo asarar mai shi ce, amma kayan da aka zubar don ceton jirgi masu inshora ne za su biya, kuma an yi wa kowane kai inshorar fam 30. Da maganar ta je kotu a 1783, ba shari'ar kisan kai aka yi ba. Gardamar ita ce wa zai biya. Olaudah Equiano, wanda shi ma ya taɓa zama bawa, shi ya kai labarin ga Granville Sharp, mai fafutukar hana cinikin bayi, amma ba a taɓa gurfanar da kowa kan rayukan ba.

Yaƙe-yaƙen ƙarshe sun sauya taswirar sukarin gaba ɗaya. Napoleon, sarkin Faransa, ya rufe wa kayan Ingila tashoshin Turai a Nuwamban 1806, Ingila ita ma ta tare nasa, sukari ya yi kwantai a rumbunan Landan har a 1808 aka hana masu giya amfani da hatsi don su koma kansa, a Paris kuwa ya gagari talaka. Tun 1747 wani masani a Berlin, Andreas Marggraf, ya nuna cewa akwai sukari a saiwar wani tsiro na ƙasashen sanyi da ake kira bit. A 1811 Napoleon ya ba da umarnin a shuka shi a hekta 32,000. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, sama da rabin sukarin duniya daga wannan saiwa yake fitowa, kuma ba ya bukatar ayari.

Amma kafin nan, a Agustan 1791, bayin Saint-Domingue sun tashi, yankin da ya fi ko'ina fitar da sukari a duniya ya fita daga kasuwa, ya zama Haiti a 1804. Farashi ya yi sama, Kyuba da Bahia ta ƙasar Brazil suka faɗaɗa gonaki, suka buɗe baki suna neman hannu. A wannan shekara ta 1804 aka fara jihadi a ƙasar Hausa, kuma wasu daga cikin waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen, daga kowane ɓangare, an yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, aka loda su zuwa Bahia. A watan Mayun 1807 hukumomin Salvador, babban birnin Bahia, suka bankaɗo wani shirin tawaye da Hausawa suka kitsa. Bisa rahoton gwamnan lardin, cikin abin da suka shirya har da ƙwace jiragen da ke tsaye a tashar, su juya su gabas su koma gida.